Zubin Masara, Shuka ko Bin Sawu: Wace Hanya Za Ka Bi Ka Harbi Barewa a Amurka?

Wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan jihar Michigan daga tsakiyar watan Satumba zai riƙa ganin buhuna jibge a bakin gidajen mai da ƙananan shaguna: masara, karas, tuffa, da wata saiwa mai kama da gwaza wadda ake yin sukari da ita. A jikin allo an rubuta cewa abincin barewa ne. Baƙon da ya ga haka zai ɗauka ai abin da ake sayarwa a bainar jama'a, da rana tsaka, ba zai zama laifi ba. Alhali a duk ɓangaren kudancin jihar, inda birnin Detroit yake kuma inda mafi yawan jama'a suke zaune, an haramta zuba wa barewa abinci tun ranar 31 ga Janairun 2019. Mai shagon da ya sayar maka bai karya doka ba. Kai da ka kinkimi buhun ka juye shi a gindin bishiya, kai ne malamin daji zai rubuta wa takarda.

Na ga 'yan'uwanmu mazauna Amurka sun fara sha'awar farautar barewa, kuma ban ga laifinsu ba. Barewa mace guda ɗaya takan ba ka tsoka kusan kilo 20, nama marar kitse, wanda kai ka yi bisimilla ka harba da hannunka, ka san yadda aka yi ya zo tukunyarka. Sai dai tambayar da kowa yake fara yi ita ce yadda zai sa barewar ta zo inda yake zaune. Hanyoyi uku ne a gabanka. Ko ka zuba mata abinci ka yi dako a kansa, ko ka shuka mata abin da take so a wani ɗan fili, ko kuma ka koyi dajin ka tare ta a hanyar da ta saba bi. Kowacce da kuɗinta, da wahalarta, da matsayinta a gaban doka, kuma ratar da ke tsakaninsu ta fi yadda ake zato.

Ciyarwa daban, zubi daban

Dokokin jihohi sun raba abu biyu da mu za mu kira da suna ɗaya. Akwai ciyarwa, wato ka ajiye wa barewa abinci a bayan gida don ka riƙa kallonta ko don tausayi a lokacin sanyi, ba da niyyar harbi ba. Akwai kuma zubi, wato ka ajiye abincin don ka jawo ta bakin bindiga ko baka. Wata jihar ta halatta duka biyun, wata ta haramta duka biyun, wata kuma ta bar ka ka ciyar amma ta hana ka harbi a wurin. A Virginia lokaci ne ma yake raba su: harbi a kan zubi laifi ne ko yaushe, ciyarwa kuma haramun ce daga 1 ga Satumba zuwa Asabar ta farko a watan Janairu, sannan a gundumomin da aka samu cutar ramewar barewa, wadda bayaninta yake tafe a gaba, haramcin na shekara ne gaba ɗaya.

Dalilin wannan bambanci shi ne a Amurka namun daji ba na mai gona ba ne. Na jama'a ne, gwamnatin jiha ce take riƙe da amanarsu, ko da barewar a gonarka take kwana. Wannan tsari ya samo asali ne daga ɓarnar da aka yi a da. Zuwa wajen 1900, masu harbi don kasuwa sun kusa ƙarar da barewa mai farin bindi, har ta rage ba ta kai rabin miliyan ba a duk ƙasar. Dokoki da lasisi da harajin da aka ɗora wa bindigogi da harsasai tun 1937 su suka dawo da ita, yau ana ƙiyasta ta kai wajen miliyan 30. Shi ya sa kowace jiha take da hukumar namun dajinta da littafin dokokinta, kuma ba sa ɗaukar abin da wasa.

Inda zubi ya halatta da inda ya haramta

Texas ce uwar masu zubi. Kusan duk ƙasar jihar, fiye da kashi 90 cikin 100, mallakar mutane ce, kuma a can farautar barewa da injin watsa masara kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ganga ce a kan ƙafafu uku, da agogo a ƙarƙashinta, da safe da yamma ta watsa masara na 'yan daƙiƙu, bareyin har sun san ƙarar. Amma ko a Texas, yawancin filayen farauta na gwamnati ba a yarda da zubi a cikinsu ba. Georgia ta halatta shi a kudancinta a 2011, ta ƙara da arewa a 2018, a filin mutum kawai kuma da rubutaccen izinin mai filin. Alabama ta bi wata hanya a 2019: ta ce ka sayi lasisin zubi na musamman ban da lasisin farauta, wanda aka fara sayarwa dala 15 ga ɗan jiha da dala 51 ga baƙo. North Carolina da Kentucky ma sun yarda da shi a filayen mutane.

Ohio tana tsakiya, kuma tunda akwai mutanenmu da yawa a Columbus ya kamata a fayyace. A gonar mutum zubi halak ne. A duk filin farauta na gwamnati laifi ne. Sannan tun da aka samu cutar ramewar barewa a gundumar Wyandot a ƙarshen 2020, an shata yankin sa ido da ya haɗa da Wyandot da Hardin da Marion, a can ko a gonarka ba ka da ikon zuba ko tsaba ɗaya, ko ajiye gishirin lasa.

Mazauna Bronx da Harlem su ne suka fi buƙatar hattara. A jihar New York an haramta ciyar da barewa da gangan, an kuma haramta harbi a kan zubi ko a kan gishirin da aka ajiye. Ka tsallaka kogin Hudson ka shiga New Jersey, zubi ya halatta. Ka ƙara gaba ka shiga Pennsylvania, ya sake haramta, kuma a can wurin da aka yi zubi ba ya tsarkaka sai bayan kwana 30 da kwashe shi, in ban da wani yanki na musamman a kewayen Philadelphia inda bareyi suka yi yawa aka sassauta a filayen mutane bisa sharuɗɗa. Tafiyar awa biyu a mota, doka uku. Abokin aikinka da yake farauta a New Jersey zai gaya maka gaskiyarsa, kuma gaskiyar tasa ce za ta kai ka kotu a New York.

Minnesota da Missouri sun haramta harbi a kan zubi, kuma wuri yana nan a matsayin mai zubi har kwana 10 bayan an share shi tas. Wisconsin kuwa gunduma-gunduma take bi. Inda ya halatta, galan 2 ne iyaka, wato kimanin lita 7 da rabi, bai cika bokitin wanka ba. Da zarar an samu barewa mai cuta a wata gunduma sai a rufe ta na wata 36, maƙwabciyar da take cikin mil 10 da wurin kuma wata 24, kuma duk sabuwar cutar da aka gano lissafin ya koma farko. A arewacin Michigan, ɓangaren da ke tsallaken ruwa, har yanzu ana zubi daga 15 ga Satumba zuwa 1 ga Janairu, galan 2, kuma dole a warwatsa shi a fili mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 10, kada a tara shi wuri guda. A kudu kuwa 'yan majalisa sun yi ƙoƙarin ɗage haramcin, Gwamna Gretchen Whitmer ta ƙi sa wa dokar hannu a Disambar 2019.

Gandun namun daji na gwamnatin tarayya kuma dokarsu daban ce: ba a harbin barewa a kan zubi a cikinsu, ko da jihar da suke ciki ta halatta.

Abin da ya sa hukumomi suke tsoron tarin masara

Da farko na ɗauka maganar jarumta ce kawai, wato tsofaffin maharba suna ganin harbin dabba a kan abinci ba bajinta ba ce. Akwai wannan ra'ayi, kuma ƙungiyar Boone and Crockett da Theodore Roosevelt ya kafa da abokansa a 1887 ta daɗe tana wa'azin cewa a bar wa dabba damar tsira. Amma ba shi ne yake sa a rufe gunduma dare ɗaya ba. Cuta ce.

Cutar ramewar barewa, wadda ake taƙaita sunanta da CWD, an fara lura da ita a 1967 a cikin bareyin da ake tsare da su a wata cibiyar bincike a Fort Collins ta jihar Colorado. Ba ƙwayar cuta irin wadda muka sani ce take kawo ta ba. Wani furotin ne da ya lanƙwashe ba daidai ba, yana taɓa 'yan'uwansa su ma su lanƙwashe, har ƙwaƙwalwar dabbar ta zama kamar soso. Dangin cutar haukan shanu ce da ta addabi Ingila. Ba ta da magani, ba ta da allura, kuma duk wadda ta kamu sai ta mutu. Abin da ya fi muni, barewa takan yi fiye da shekara tana yawo da ita lafiya lau a ido, tana zubar da ita a yawu da fitsari da kashi. Furotin ɗin yana manne wa ƙasa ya yi shekaru bai mutu ba, kuma wutar girki ba ta kashe shi.

To ka kwatanta. A daji bareyi suna kiwo a warwatse, wannan ta tsinki ganye nan, waccan ta tsinka can. Ka tara masara wuri guda, ka mayar da su masu cin tuwo a akushi ɗaya: ashirin su sa baki a wuri ɗaya cikin dare ɗaya, gobe ma haka, har wata uku. Ko bayan ka daina, ƙasar wurin ta riga ta sha yawu. Duk makiyayi ya san abin da mashaya guda take yi wa garke in ciwo ya shigo. Wisconsin ta gano cutar a Fabrairun 2002 kusa da garin Mount Horeb, kuma yau a wasu sassan kudu maso yammacin jihar wani babban kaso na manyan mazan bareyi suna ɗauke da ita. Ta bazu zuwa jihohi fiye da 30 da wasu lardunan Kanada. Da ta ɓulla a Norway a 2016, hukumomi sun harbe wani garken bareyin daji na tsaunukan Nordfjella kaf, dabbobi wajen 2,000, suka kuma ɗauki mataki a kan duwatsun gishirin da ake ajiye wa dabbobi a tsaunuka.

Ba a taɓa tabbatar da cewa ta kama mutum ba. Duk da haka hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kada a ci naman barewar da gwaji ya nuna tana da ita. Ga wanda ya shiga daji don ya ciyar da 'ya'yansa, wannan shawara ta isa.

Michigan tana da nata tabon tun kafin wannan. A arewa maso gabashin ɓangaren kudu, a gundumomin Alpena da Alcona da Montmorency da Oscoda, ƙungiyoyin maharba sun yi shekaru suna jibge wa bareyi abinci da motoci a lokacin sanyi. A 1994 aka harbi barewa mai tarin fukan shanu, bincike ya nuna cutar ta zauna daram a cikin na daji, daga nan ta tsallaka garkunan shanu. A shekarar 2000 jihar ta rasa matsayinta na wadda ba ta da cutar, aka yanka garkuna, makiyayan da ba su taɓa zuba wa barewa ko ƙwaya ba suka biya bashin da ba su ci ba. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Zubin da ka yi a filinka ba a filinka yake tsayawa ba.

Masarar ma kanta ba alheri ba ce ga barewar. Wanda ya taɓa kiwon tumaki ya san abin da ke faruwa idan tunkiya ta faɗa buhun hatsi: tumbi ya yi tsami, ciki ya kumbura, wani lokaci kafin safiya ta mutu. Barewa ma mai tuƙa ce. A tsakiyar sanyi cikinta ya saba da tsiron itace da ɓawo, ka cika ta da masara farat ɗaya, sai a tsince ta matacciya da ciki cike. Sannan masarar da ake sayarwa da sunan abincin dabbobin daji sau da yawa ba ta kai darajar ta mutane ba, in ta jiƙe a ƙasa sai ta yi funfuna, ta fitar da gubar afulatoksin, wadda muka sani a gyaɗa da masarar da ba ta bushe da kyau ba. Talotalon daji da sauran tsuntsaye sun fi barewa saurin cutuwa da ita.

Abin da zubi yake da shi na gaskiya

Ba zan zalunci masu zubi ba, suna da hujjoji masu nauyi. Mutumin da yake da eka 5 kawai, kewaye da manyan gonaki, ba shi da abin da zai tsayar da barewa a wurinsa in ba abinci ba. Dattijon da ƙafa ta gaza, ko mai lalura, ko yaron da ake koya wa harbi, zubi yana ba su dama. A daji mai duhu irin na kudancin Texas, inda ƙaya ba ta barin ka ga taku 20 a gabanka, da wuya ka ga dabba in ba ka fito da ita fili ba. Mafi ƙarfin hujjar ita ce ta harbin kansa: barewa tana tsaye cak, a kusa, ta ba ka haƙarƙari, kana da lokacin da za ka tabbatar mace ce ko namiji, babba ce ko ƙarama, ka sa harsashi inda ya dace. Wannan rahama ce ga dabbar. Ga Musulmi kuma akwai ƙarin amfani, domin in ka iske ta da sauran rai dole ka yanka ta, kuma isa gare ta da wuri ya fi sauƙi idan a kusa ta faɗi.

Sai dai alkawarin da buhun masara yake yi ya fi abin da yake cikawa. Barewa ba wawuya ba ce. Ta ji warin mutum a wurin zubi sau biyu ko uku, sai ta mayar da zuwanta tsakar dare, lokacin da harbi ya haramta. Kyamarar da ka ɗaura a bishiya za ta cika da hotunan ƙarfe biyun dare, kai kuma ka wuni kana kallon kurege. Manyan mazan, masu ƙahon da kowa yake mafarki, su ne suka fi saurin koyon wannan darasi. A South Carolina, lokacin da zubi ya halatta a yankin gaɓar teku kawai, masanan hukumar jihar sun kwatanta yankunan biyu, suka ga maharban yankin tudu da ba sa zubi sun fi samun barewa a kan lokacin da suka ɓata. Dalilin a fili yake: dabbar da ta ƙoshi ba ta yawo da rana. Ga kuma gasa. Maƙwabcinka ya zuba buhu biyu, kai ka zuba huɗu, shi ya sayo inji, kuɗin da kuka ce za ku rage a kan nama ya tafi a masara. Rabinta ma ba barewa ce take ci ba, aladun daji ne da beyar da sauran 'yan sa-kai, kuma beyar da ta saba da abincin mutane ƙarshenta harsashin hukuma.

Shuka: hanyar mai fili da haƙuri

Abin da zai ba ka mamaki shi ne jihohin da suka fi tsanani a kan zubi, har da New York da Minnesota da kudancin Michigan, sun bar mutum ya shuka wa barewa abinci a filinsa ya yi dako a bakin gonar. A idon doka abin da ya tsiro daga ƙasa noma ne, abin da aka ɗauko aka zuba zubi ne. Masu zubi suna cewa wannan son kai ne, doka ta fifita mai ƙasa da tarakta a kan talaka mai bokiti, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Amma ta fuskar cuta akwai bambanci na zahiri. Eka guda ta fi tabarmar zubi faɗi sau ɗaruruwa, bakuna suna warwatse, kuma ganyen da aka cinye ba a sake zuba wani a gurbinsa gobe.

Ana shuka ciyawar kulofa, wadda takan yi shekaru tana tohowa, da alkama da hatsin oat na kaka, da waken suya, da dangin kabeji masu saiwa waɗanda bareyi suke tonowa bayan sanyi ya sauka. A jihohin kudu har waken da muka sani, irin namu na gida, suna shukawa da rani don barewa, ta cinye ganyen kamar yadda akuya take wa harawa. Aikin yana farawa da gwajin ƙasa, domin yawancin filayen cikin daji suna da tsami, sai an zuba farar ƙasa kafin taki ya yi amfani. Rabin eka ma ya isa, kuma wanda ya taso da fartanya a hannu ba zai ga abin tsoro a nan ba.

Iyakar tana nan, kuma a nan mutane suke faɗawa. Masarar da take tsaye a karanta halak ce. Ka karye ta ka tara zangarniyar a gaban mazauninka, ta zama zubi. Tuffar da ta faɗo daga bishiyarta halak ce, ka kwashe ta a buhu ka kai wani wuri, ta zama zubi. Sannan ba a shuka a filin gwamnati. Gishiri da ƙasar lasa, irin kanwar da muke ba dabbobi, wasu jihohi sun sa su a layin zubi, wasu sun bambanta, don haka sai ka duba sunansu a littafin jiharka. Aibin wannan hanya shi ne tana son fili naka ko na haya, da wata uku zuwa shida kafin ka ga amfani, kuma fari ko ambaliya suna iya cinye wahalarka kamar kowane manomi.

Bin sawu

Ta uku ba ta buƙatar fili, ba ta buƙatar buhu, kuma babu jihar da ta haramta ta. Ita ce farautar da maharban ƙasar Hausa suka sani tun kaka da kakanni: sanin inda dabba take kwana, inda take kiwo, inda take shan ruwa, da inda iska take kaɗawa.

A dazukan gabashin Amurka sirrin kaka yana gindin itacen oak. Akwai fari akwai ja. 'Ya'yan farin ba su da ɗaci sosai, kuma idan suka fara zuba a ƙarshen Satumba da Oktoba, barewa takan bar tarin masara ta tafi can. Ka sami farin oak guda da yake zubarwa, ka ga ɓawo a tattaune da sabon kashi a ƙasa, ka sami zubin da Allah ya yi, wanda babu malamin dajin da zai tuhume ka a kansa. Sai ka nemi kurmin da suke kwana, ka nemi siririyar hanyar da ta haɗa biyun: bakin rafi, wuyan daji tsakanin gonaki biyu, inda shinge ya karye. Namiji yana barin alama, yana goge ƙahonsa a jikin ƙananan itatuwa har ɓawon ya saluɓe, yana kuma tone ƙasa da kofato a ƙarƙashin reshe. A jihohin arewa, makonni biyun farko na Nuwamba lokacin barbara ne, mazan suna bin mata ido rufe har da rana tsaka. Wanda ya iya ɗaukar hutun kwana uku a wannan lokaci ya fi mai buhu goma.

Hancinta ne makaminta. Ka zauna inda iska take busowa daga wajenta zuwa wajenka, in iskar ta juya ka tashi ka canza wuri. Kada ka yi saurin sayen kwalbar fitsarin barewa da ake tallatawa don jan maza, domin Virginia da Vermont sun haramta na ainihi saboda cutar nan, wasu jihohin ma sun bi su.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan hanya tana cin lokaci. Za ka iya yin shekarar farko ba ka harbi komai ba. Za ka sha sanyi, za ka kori bareyi da ƙafarka sau da yawa kafin ka gane kuskurenka. Amma abin da ka koya yana bin ka duk jihar da ka koma, kuma miliyoyin eka na filayen gwamnati a buɗe suke gare ka da kuɗin lasisi kawai.

Hukuncin, musamman ga baƙo

Tara ita ce mafi sauƙi a cikin abin da zai same ka. A Minnesota wanda aka kama da zubi yana rasa damar farautar barewa na shekara guda, kuma ana iya ƙwace bindigar ko bakan. Kusan duk jihohin sun shiga wata yarjejeniya ta yadda in an dakatar da lasisinka a ɗaya, sauran ma su rufe maka ƙofa. Idan kuma ka ɗauki naman da aka samu ta haramtacciyar hanya ka tsallaka iyakar jiha da shi, ka shiga hurumin dokar Lacey ta 1900, wadda ta tarayya ce. Malaman daji suna ganin tarin masara daga jirgin sama, maƙwabta kuma suna buga waya.

Cewa ba kai ka zuba ba ba koyaushe yake fitar da kai ba, domin a wurare da yawa tambayar ita ce ko ka sani ko ya kamata ka sani. In wani ya gayyace ka gonarsa, ka tambaye shi kai tsaye ko an zuba wani abu a wurin cikin watan nan, ka kuma zaga da ƙafarka ka duba.

Ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba, abin ya wuce maganar nama. Dokar tarayya ta hana mai bizar zama na wucin gadi, kamar ɗalibi, riƙe bindiga, sai in yana da lasisin farauta mai aiki. Ka ga ke nan lasisin shi ne ginshiƙin da halaccin bindigarsa ya jingina a kai, in aka soke shi saboda bokitin masara, matsalar ta tashi daga ta daji ta koma ta takardun zama. Wanda ba shi da takardu kwata-kwata kuwa, doka ta hana shi taɓa bindiga ko harsashi, babu togiya.

To wacce za ka ɗauka?

In kai sabo ne kuma ba ka da fili, wanda shi ne halin yawancinmu, zaɓin ya riga ya yi kansa. Filin gwamnati za ka shiga, kuma a can zubi haramun ne a kusan duk jihohin da na ambata, shuka ma haka. Ka yi kwas ɗin koyar da maharba da jihohi suke wajabta wa sababbi, ka sayi lasisi, ka ɓata Asabar uku ko huɗu na Satumba kana yawo a dajin da za ka yi farauta kana neman farin oak.

In Allah ya hore maka fili, ko kun haɗa kuɗi kun yi haya, ni shuka zan ba ka shawara ko da jiharka ta halatta zubi. Tana jawo barewa da rana fiye da tarin masara, tana amfanar ta har bayan an rufe farauta, kuma ranar da aka gano cuta a gundumarka aka hana zubi, gonarka tana nan.

Zubi na bar shi ga wanda ya cika sharuɗɗa huɗu a tare: jiharsa ta halatta a rubuce, filin na mutum ne kuma da izininsa, gundumar ba ta cikin yankin cuta, sannan akwai dalili na gaske kamar tsufa ko lalura ko ƙanƙantar fili. Shi ma ya zuba kaɗan, ya warwatsa, ya sayi masara busasshiya mai tsabta, ya daina da zarar ya samu abin da ya je nema. Kada ya fara shi a tsakiyar sanyi da sunan tausayi.

Kowacce ka ɗauka, littafin dokokin farauta na jiharka na wannan shekarar za ka buɗe, ba na bara ba, domin taswirar gundumomin da aka rufe tana canzawa ko ana tsakiyar farauta. Kyauta ake ba da shi inda ake sayar da lasisi, yana kuma shafin hukumar a intanet. In wata jimla ta shige maka duhu, lambar malamin dajin gundumarka tana ciki, ka kira shi kafin ka fita. Idan kuma ka yi sa'a a yankin da ake sa ido, ka kai kan barewar wurin gwaji, ka ajiye naman a firiza da alama a jikin ledar, kada a ɗora tukunya sai sakamako ya fito.